Ƙararrawar Magaza a Gidan Inna Biba

Shekarar da kamfanin sayen gyaɗa ya gina magaza ta biyu, wato ma'ajiyar buhuna, a Tasawa, ba da daɗewa ba bayan samun mulkin kai, Iliyasu yana aiki a wurin injin ɓara. Shi ke zuba masa mai, shi ke ɗaure bel in ya saki, shi ke kwashe ɓawon da ke taruwa a ƙarƙashinsa. Mutumin Maijirgi ne. Iyalinsa suna tare da shi a Tasawa, amma mahaifiyarsa, Inna Biba, tana can ƙauye a gidan wansa Maiwada.

A kakar da ta wuce wuta ta cinye wata magaza a wajen Mayahi, buhuna da kwanon rufi da komai. Ba wanda ya ga tashinta sai da hayaƙi ya fito ta saman ƙofa. Saboda haka kamfani ya aiko wani saurayi daga Maraɗi, Abdurrahamane, wanda ya yi karatun aikin lantarki, ya zo da akwatin katako cike da wasu ƴan abubuwa masu kama da murfin gwangwani, da naɗin waya, da ƙararrawa babba, da batura. Aka ce wa Iliyasu ya bar inji ya riƙe masa tsani.

Abdurrahamane ba mai rowar magana ba ne. Da ya ga Iliyasu yana jujjuya ɗaya daga cikin abubuwan a hannu, sai ya karɓa ya kwance murfin ya nuna masa cikinsa. Wani ɗan siririn ƙarfe ne kwance, kansa na kusa da wata ƙusa amma bai taɓa ta ba.

"Ƙarfe biyu ne aka manne, Malam Iliya," in ji shi. "Ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa in ya ji zafi. Sai ya lanƙwashe ya taɓa ƙusar nan. Da ya taɓa, wutar batur ta samu hanya, ƙararrawa ta ɗauka. C'est tout. Shi ke nan."

"To zafin rana fa, Mushe? Kwanon nan in bazara ta yi, ko tsuntsu ba ya sauka kansa," in ji Iliyasu, wanda ke kiransa Mushe, wato Malam da Faransanci.

"An auna shi. Zafin rana ba ya isarsa. Sai zafin da hannu ba zai iya jurewa ba."

Suka kafa su a jikin katakan rufi, jere, sama da inda ake tara buhuna, da biyu a rumfar inji. Waya ta bi bango har bakin ƙofar waje, inda Danda mai gadi, wani tsohon soja, yake zama a kan benci. Da aka gama, Abdurrahamane ya kunna fitilar kananzir, ya cire ƙwan, ya hau tsani ya kanga ta ƙarƙashin ɗaya. Ba a jima ba ƙararrawa ta ɓarke da kuka. Danda ya zabura har sandarsa ta faɗi, ƴan dako suka yi ta dariya.

Iliyasu bai yi dariya ba. Tunanin Inna Biba yake.

Idanunta sun fara dushewa shekara biyu ke nan. Tana ganin haske da inuwa, tana gane mutum da tafiyarsa, amma ba ta ganin tartsatsi. Kuma ta ƙi barin girki. Safi, matar Maiwada, tana dafa tuwon gida, amma Inna Biba ta ce kununta da miyarta ita za ta yi da hannunta muddin tana iya tashi. Madafarta bukka ce ta kara da jinkar ciyawa, manne da ɗakinta. Da kara take hura wuta, karan gero kuwa fashewa yake yana watsa tartsatsi. Sau ɗaya gefen jinkar ya kama, Allah ya sa Safi tana tsakar gida tana daka. Amma da rana gidan yakan zama ba kowa: Maiwada a gona ko kasuwa, Safi a rijiya, yara sun bi awaki.

Ranar da Abdurrahamane ke haɗa kayansa, Iliyasu ya same shi ya faɗa masa duk wannan. Akwai guda ɗaya cikin ƴan abubuwan da murfinsa ya tsage a hanya, aka ware shi gefe za a yar. Abdurrahamane ya nemi izinin shugaban magaza, ya miƙa masa, ya haɗa masa da guntun waya da wata ƴar ƙararrawa da yake gwaji da ita.

"Ga shi, amma in gaya maka gaskiya. Wannan don magaza aka yi shi, ba don gida ba. Ban taɓa ganin an sa shi a bukka ba. Ban san yadda zai yi ba."

"Wuta ai wuta ce, Mushe."

"To, gwada. In na dawo dubawa ka ba ni labari."

Ran Lahadi Iliyasu ya hau kekensa ya tafi Maijirgi. Ya tarar da Inna Biba a inuwar ɗaki tana tsinkar zogale da lalube. Bayan gaisuwa ya sa mata abin a tafin hannu. Ta shafa shi, ta kai hanci ta sunsuna.

"Mi ne ne wanga kuma?"

"Mai gadi na kawo miki, Inna. In wuta ta kama, shi zai yi kururuwa."

"Ni bakina ya mutu ne?"

"Bakinki na nan. Idon ne."

Ta miƙa masa abinsa. "Sa shi inda za ka sa. Kada dai ka taɓa mini tukwane."

Ya ɗaure shi a tsakiyar jinkar madafa, daidai saman murhu, ya ja waya zuwa bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gida, ya rataye ƙararrawa da baturan tocila a cikin wani tsohon gwangwani. Ya tara maƙwabta ya yi musu irin gwajin da ya gani da fitila. Ƙararrawa ta yi kuka, mutane suka yi salati. Ya roƙe su, duk wanda ya ji wannan ƙara ya rugo da ruwa.

Washegari da hantsi Inna Biba ta cika murhu da kara za ta dama kunu. Harshen wuta ya tashi sama kamar yadda wutar kara ke yi, zafi ya taru a ƙoƙon jinka, ƙararrawa ta ɗauka. Mata suka bar guga a bakin rijiya, wani maƙwabci ya tsallake darni da tulu a kafaɗa, suka tarar da tsohuwa zaune tana motsa kununta. Aka yi dariya aka watse. Bayan kwana biyu aka sake. A karo na uku mutum ɗaya ne ya leƙo, shi ma bai zo da ruwa ba. Daga nan in ta yi kuka sai a ce, "Inna Biba ta ɗora tukunya."

Da Iliyasu ya dawo, ya tarar an cusa tsumma a cikin ƙararrawar.

"Ni na sa a cusa," in ji Inna Biba. "Duk gari ya san lokacin da nake cin abinci. Abin kunya."

Maiwada ya ja shi gefe. "Ƙane, ka cire abin nan. Ran da wuta ta kama da gaske ba mai zuwa. Ka ɓata mana kunnen mutane."

Iliyasu bai cire ba, ya dai sauke shi daga saman murhu ya mai da shi can gefe kusa da ƙofa. Ya zare tsumman, ya sa aka hura wuta, ƙararrawa ba ta yi motsi ba. Ya ji daɗi. Sai kuma ya ce bari ya tabbata. Ya kunna damin ciyawa ya riƙe a ɗaya gefen bukkar, inda jinkar ta taɓa kamawa. Ciyawar ta ci har ta kusa ƙona masa yatsu. Iska ta shigo ta ƙofa ta kwashe zafin ta fitar da shi ta tsakanin kara. Ƙararrawa shiru. Ya tsaya yana kallon abin. A saman murhu ya cika surutu, a gefe kuma ya zama kurma. Ya koma Tasawa ransa ba daɗi.

Ana cikin haka, wata Juma'a da rana, an kashe inji an tafi masallaci. Ƙarfen da bel ke juyawa a kansa ya yi zafi tun safe ba wanda ya lura, ƙurar ɓawon gyaɗa kuma ta taru a kansa. Wuta ta fara ci a hankali, ta kama wani buhu da aka rataye. Danda, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa masallaci, yana bakin ƙofa sai ya ji ƙararrawa. Bai tsaya tambaya ba. Ya buga gangar ƙarfe, ya kira masu sayar da abinci da ke gefen hanya, suka buɗe rumfar inji suka watsa yashi da ruwan durom. Kafin a sallame salla an kashe ta. Katako biyu ne suka ƙone, da bel. Buhunan da ke cikin magaza ko ɗaya bai taɓu ba.

Wannan ne ya dawo da Abdurrahamane Tasawa, don ya canza wayar da ta narke. Iliyasu ya sake riƙe masa tsani, ya ba shi labarin Maijirgi tun daga farko. Abdurrahamane ya yi dariya a wurin tsumma, sa'an nan ya sauko ya zauna a kan buhu.

"Ka ga, a nan ba a girki," ya ce. "Ba murhu, ba fitila, ko taba an hana sha. Duk zafin da ya wuce na rana, ɓarna ce. Ga bango, ga kwano, zafi ba shi da wurin gudu sai sama, inda abin yake jiransa. Kuma ga Danda zaune, aikinsa ke nan ya saurara. A gida kuwa kullum ana hura wuta. Shi wannan bai san ta kunu da ta gobara ba, zafi kawai ya sani."

"Ba wanda aka yi don gida?"

"Na karanta cewa akwai mai jin hayaƙi, a manyan gine-ginen Turai. Ban taɓa riƙe shi ba. Yana son lantarki, kuma ko an kawo shi, madafar kara hayaƙi ce tun safe har yamma. Zai fi wannan surutu." Ya ɗan yi tunani. "Bon. Ran Lahadi akwai motar da za ta ɗauko gyaɗa ta wajenku. Mu je in gani da idona."

Suka tafi a bayan mota, kan buhunan da ba komai a ciki. Inna Biba ta sa aka shimfiɗa wa baƙo tabarma, aka kawo masa fura. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne mai ƙararrawa?"

"Ni ne, Inna. A gafarce ni."

"Ba laifinka ba ne, ɗana. Wancan ne da ba ya jin magana."

Abdurrahamane ya zagaya gidan tare da Maiwada da Iliyasu. Ya duba madafa, ya duba ta ina iska ke shigowa. Bayan ɗakuna akwai rumbuna uku na gero, da wata rumfa da aka kewaye da zana aka cika da harawar gyaɗa, abincin dabbobi na rani. Darnin kara ne kawai ya raba rumfar da gidan maƙwabta. Ya dawo ya zauna kusa da tsohuwar.

"Inna, in kina girki kina tashi ki bar wuta?"

"Ban tashi. Ina zan tahi? Ina zaune har ta mutu, in rufe ta da toka. In ta kama kusa da ni ina jin zafinta a fuska. Abin da ban ji shi ne na bayan ɗaki. Can in ta tashi, sai ta gama da gero kafin in sani."

Abdurrahamane ya dubi Iliyasu. "To ga magazarku can. Rumfar harawa. Ba a hura wuta a ciki, tana da rufi, an kewaye ta. In abin ya yi kuka a can, gaskiya ya faɗa. Madafa kuwa ba aikinsa ba ne. Ita bango take so."

Maiwada ya ce dama yana da niyyar buga tubali bayan an gama sussuka. Suka tsaya a kan haka. A ranar suka kwance abin daga madafa suka ɗaure shi a rufin rumfar harawa. Abdurrahamane ya ɗaga wayar sama a kan sanduna saboda awaki, ya nuna wa Maiwada yadda zai haɗa bakin waya biyu da ƙusa duk ranar kasuwa don ya ji ko batur na da rai. Aka cire tsumman da Inna Biba ta sa aka mayar. Iliyasu ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana bayani cewa an canza wuri, yanzu in ta yi kuka ba kunu ba ne. Wasu suka ce to. Wasu suka yi murmushi.

Maiwada ya cika alkawari rabi. Ya ja ɗan bangon ƙasa ya kewaye murhu har iya ƙirji, ya ɗaga jinkar. Ɗakin soro kuwa ya ce sai baɗi.

Rani ya yi nisa, bazara ta shigo da zafinta. Ƙararrawa ba ta sake yin kuka ba, har aka fara mantawa da ita. Wata rana bayan azahar, maza sun tafi sharar gona, Safi da sauran mata suna rijiya, Inna Biba na kwance a ɗakinta. A gidan maƙwabta an zubar da toka a bayan darni, da sauran garwashi a ciki. Guguwa ta taso ta bi ta lungun, ta kwashi tokar ta watsa a jikin kara. Darni ya kama, ya miƙa wa zanar rumfa.

Inna Biba ta ji ƙararrawa. Ta tashi zaune ta saurara. Ta san ba ta hura wuta ba tun safe. Ta laluba ta fito, ta bi bango zuwa ƙofar gida, nesa da inda take jin ƙarar cin kara, ta tsaya a waje ta buɗe murya.

"Gobara! Jama'a, gobara! Ba kunu ba ne!"

Mata a rijiya sun ji ƙararrawar tun farko, wata har ta ce tsohuwa ta koma halinta. Safi ce ta ce a'a, abin yanzu yana wurin harawa, ta ɗauki tulunta ta ruga. Da suka ji muryar Inna Biba kuma suka hangi hayaƙi, sauran suka biyo ta. Wasu tsofaffi da ke zaune a gindin bishiyar masallaci suka zo da fartanya. Ruwan tulu bai isa komai ba a kan harawa, saboda haka suka bar ta tana ci, suka sare darnin da ke tsakaninta da ɗakuna suka ja shi gefe, suka dinga watsa ƙasa. Rumbun da ya fi kusa ya kama. Suka ture jinkunan sauran biyun ƙasa, suka jiƙa jikinsu da ɗan ruwan da ya rage.

Kafin maza su iso daga gona an gama. Harawa ta tafi duka, da rumbu ɗaya, da darnin gida biyu. Rumbuna biyu sun tsira, ɗakuna sun tsira, ba wanda ya ji ciwo sai Safi da ta ƙone a hannu. Ƙararrawar ta yi shiru tun tsakiyar abin, lokacin da waya ta narke.

Labari ya kai Tasawa da yamma ta bakin wani direba. Iliyasu ya iso da sassafe. Ya tarar da Maiwada yana tona toka da sanda yana fitar da zangarniyar geron da ba ta ƙone duka ba. A cikin tokar suka ga abin, ya yi baƙi ya lanƙwashe.

"Ya yi aikinsa," in ji Maiwada. "Da an zo tun kukan farko, da watakila rumbun nan ma ya tsira."

"Laifin wancan gwajin nawa ne."

"Ba wanda ya sani a lokacin. Kama mini wannan buhun."

Suka yi ta aiki har rana ta take. Maƙwabcin da aka zubar da toka a gidansa ya zo ya ba da haƙuri, ya kawo dami biyu na gero a kan jaki. Maiwada ya karɓi ɗaya ya ce ya mai da ɗaya, shi ma yana da iyali. Mai gari ya sa aka yi shela cewa kada a ƙara zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa, kuma a bar fili tsakanin rumfar harawa da darni.

Iliyasu ya nemi hutu a magaza. Shi da Maiwada da wani magini suka haƙa ƙasa a bakin tafki, suka buga tubali, suka gina wa Inna Biba ɗakin soro da ƴar madafa ta ƙasa a gefensa kafin ruwan farko ya sauka. Abdurrahamane ya zo sau ɗaya ya ga ginin. Ya ce ba shi da wani abin da ya rage a akwati, kuma an mai da shi Mayahi zai yi wa sabuwar magazar can waya. Ya gaya wa shugaban magazar Tasawa cewa Iliyasu ya iya duba ƙararrawa, saboda haka aka ƙara masa wannan aikin. Duk wata yakan hau tsani da fitila ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, bayan ya gargaɗi Danda.

Ranar da Inna Biba za ta tare, Safi ta kwashe mata kaya, hannunta ɗaure da ƙyalle. Tsohuwar ta shiga, ta shafa bango, ta ɗaga sanda ta taɓa rufi, ta fito.

"Yaya, Inna?" in ji Iliyasu.

"Yana da kyau. Amma zafi gare shi kamar tanderu. Ku sa kayan a ciki, ni ku shimfiɗa mini tabarma nan bakin ƙofa har damina ta zauna."

Aka shimfiɗa mata. Ta zauna, ta ce Safi ta miƙo mata ƙwaryar gero, za ta jiƙa na gobe.